Katin da Ya Fi Akwati Tsawo

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya mijinki da yara? Ni lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi jin magana. Tela maƙwabcina ke rubutawa ina faɗa, in kin ga kuskure nasa ne.

Kin ce za ki aiko katin hoto, wai ɗan allo mai ƙara ƙarfin nuna hoto, a sa wa kwamfutar teburin nan, don bidiyon mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ya daina sarƙewa. Kin ce in auna akwatin kwamfutar. Ban yarda da tef ɗin awo ba, zare na sa, yadda na auna ƙofar ɗakinmu shekarar da muka tare. Ga shi cikin ambulan, daga ƙulli zuwa ƙulli.

Naki,
Baba

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kati ya iso, da fankoki uku kamar idanun mujiya. Bai shiga ba. Mai gyara ya ce ta waje na auna, sai ka ce riga zan ɗinka wa akwatin. A ciki akwai ɗan kejin ƙarfe mai riƙe da faifan da mahaifiyarki take ciki, kati ya tokare shi da kamar yatsa biyu. Wai a yanke kejin a matsar da faifan. Na ce ba mai tayar da ita daga ɗakinta. Ya yi dariya, ya ce ai ba a ciki take ba. Na tambaye shi, to daga ina take fitowa kullum da la'asar da kwandon wanki, iska na wasa da mayafinta? Sai ya ci gaba da juya sukurudirebarsa.

Ki gaida yara.
Baba

Auta 'yar albarka,

Ina fata kuna lafiya. Mai gyara ya fi ni naci. Ya kwafi bidiyon, ya sa katin a kwamfutar shagonsa, ya zaunar da ni. Wallahi hoto ya fito tas, har zanen zobenta na gani. Ta fito, ta shanya zani, ta juyo, ta shige ɗaki. Kafin in gyara zama ta tafi.

A gida ba haka take yi ba. In ta juyo a bakin ƙofa sai injin ya gaji, ta tsaya cak, hannunta a kan labule, tana dubana. Har in sha ruwa in ba ta labarin jikokinta tana nan. Tana da rai ma ban samu wannan ba, kullum sauri take.

Na maido miki katinki cikin kwalinsa, kada ki ji haushi. Tela na ta share ido, wai zare ne ya shiga.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki