Jarkar Jelani

Gawon Nama, Sakkwato

Zuwa ga ƙanena Sa'ad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Ihsan da yara, Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ba sai na ba ka labarinsa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan 'yar'uwarmu Hauwa'u da kanta. Baba kuwa yana nan da mashin ɗinsa, babu suna ko jana'izar da ke wuce shi. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, tun kana yaro haka kake.

Maganar injin yankan itacen da ka saya wa ƙaninmu Jelani ce. Na ji abin da ka faɗa masa ranar da injin ya buga, cewa ba ya riƙe amana, kuma ganganci ne ya sa ya ƙi haɗa mai. Raina ya ɓaci, Sa'ad, don ka yanke hukunci ba ka ji ba'asi ba. Ni shaida ce, tun da injin nan ya zo yaron bai taɓa wasa da haɗinsa ba. Maigandi, bakaniken da ke duba masa shi, ya koya masa cewa irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota, a cikin fetur yake samun abin da ke sa ƙarafansa santsi. Ya hana shi baƙin man mota da na janareta, ya ce sai man haɗi da ake kira tu-ti, na cikin roba rufaffiya, ba wanda ake tsiyayawa a bakin titi ba. Ya ce ya bi awon da aka rubuta a jikin injin, kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur, idan ya yi yawa fulogi ya toshe, idan ya yi kaɗan inji ya ƙone. Jelani har sirinji ya saya don awo, muna yi masa dariya muna kiransa likita. Ya haɗa, ya girgiza, ya ajiye a shuɗiyar jarkarsa a zaure.

To ga abin da ya faru. Wata safiya Baba zai tafi suna a Kware, ya tarar mashin babu mai, sai ya tsiyayi na jarkar zaure. A hanya mashin ya riƙa hayaƙi. Da ya dawo ya zuba kaɗan a murfi, ya ga fetur ɗin da launi, sai ya yanke cewa 'yan bumburutu sun cuci ɗansa da gurɓataccen mai. Ka san Baba, ba ya aro ya mayar daidai, sai ya ƙara, kuma ba ya alheri ya faɗa. Ya juye sauran, ya je gidan mai a Sama Road ya cika jarkar da tsantsar fetur, ya mayar da ita inda take. Washegari Jelani ya samu aikin sassabe dogon yaro a wata makaranta, ya zuba daga jarkar da ba a ganin cikinta. Bai gama reshe na farko ba injin ya yi zafi ya tsaya cak. Maigandi ya buɗe ya ce fistin, wato ƙarfen da ke kai-komo a cikinsa, ya ci, amma yana gyaruwa.

Ni ma ban sani ba sai da zancen ya suɓuce wa Baba da bakinsa, yana mamakin yadda inji zai lalace bayan ya samu mai mai kyau. Rashin sani ya fi dare duhu. Na haɗiye maganata, na je na samu Jelani. Ashe tun ranar ya gane, don ya ga man ya koma fari, kuma ya san wanda ke shiga zaure da sassafe. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, har kai. Ya ce gara a kira shi maganganci da Baba ya san hannunsa ne ya kashe masa sana'a, domin tsohon ba zai iya barci ba, kuma mashin ɗinsa zai sayar ya biya. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na karya masa alkawari a kanka kaɗai, don ba zan zuba ido 'yan'uwa biyu su rabu a kan jarka ba.

Yanzu ga inda ake. Jelani ya wanke injin, ya mayar da shi kwalinsa ya ɗaure, ya ce a kai maka abinka tunda ba shi da amana, shi zai bi abokansa ci-rani. Iskar damina ta kusa, lokacin da kowa ke neman mai rage rassa, kuma da wannan aikin yake shirin aurensa da Bara'atu. Magana zarar bunu ce, na sani, amma kai ne babba, kuma kai ka faɗe ta. Ban ce ka aiko da komai ba. Ka kira shi, ka ji bakinsa, kuma kada ka bari Baba ya ji ko da ƙamshin zancen. Idan an gyara, zan sa a koma ajiye jarkar a ɗakin Jelani da kwaɗo.

Inna tana gaishe ka, ta ce Ihsan ta daure da shan magani. Hauwa'u da mijinta Jalaluddeen suna gaisuwa, haka ma maigidana. Ka shafa mini kan Maimunat da Saifullah.

Direban da ya miƙa maka wannan takarda, shi Jelani ya ce a ba kwalin injin ya kawo maka. Na karɓa na tura ƙarƙashin gadona, na ba shi wannan a madadinsa. Jelani bai sani ba, yana zaton injin na hanya. Kada ka bari ya riga ka kira.

Wassalam, taka yaya,
Sadiyatu