Yatsan Mahauci a Kan Tangaran

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Madam Akissi ta buɗe murhun gashi a gabana. Farantin tangaran ɗin da na zana ya fito da shatin babban yatsana a tsakiyar fure, fenti ya ƙi kama wurin. Maiƙon nama ne. Na dirje hannun nan da sabulu da lemun tsami kafin in baro kasuwar Adjamé, amma wuta ta tona ni. Shekara biyu ina satar yammacin Asabar ina zuwa unguwar Treichville koyon zanen nan, har yau mahauci nake.

Ta ce ba a saran ƙashi da safe a ja siririn layi da yamma. Sannan ta gaya mini idonta ya gaji, ƙarshen Yuni za ta koma garin Bouaké. Tana so ta bar mini murhun da matan da take koya wa. Ajin kuwa ran Asabar ne, tun da safe, ranar da kasuwar nama ta fi ci.

Talata, 7 ga Mayu

Ina so. Wallahi ina so, har kunyar kaina nake ji.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bayan masallaci na shirya maganar tsaf zan gaya wa Yaya Tukur. Tun rasuwar Baba mu biyu ne a teburin naman, kuma kafaɗarsa ta dama ta lalace, ni nake ɗaga cinyar saniya in rataye. Ina buɗe baki sai ya tura mini kofin shayi, ya ce, "Sadi, ba don kai ba da tuni na naɗe tabarmata." Na shanye shayin na yi masa godiya.

Da mafaɗaci ne da na huta. Da mun yi cacar baki na yi zuciya na tafi abina. To mutumin nan ko harara bai iya ba. Yaya za a yi da shi?

Lahadi, 26 ga Mayu

Matata Delu ta ce gemu ne kawai gare ni. Wai in na kasa, ita za ta je ta faɗa masa. Na hana ta. Ta jera farantaina a kabad, in baƙi sun tambaya sai ta ce daga Dubai aka kawo, don kada a ce mijinta yana wasa da burushi.

Asabar, 1 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Madam ta sa na riƙe hannun wata sabuwar ɗaliba, Hajiya Balaraba, na nuna mata yadda ake kwantar da burushi a ja ganye a numfashi ɗaya. Da ganyen ya fito ta yi dariya kamar yarinya. Ban taɓa ganin wanda ya yi irin wannan dariyar don na auna masa kilo ba.

Madam na son amsa bayan Tabaski, wato Babbar Sallah. In babu, wata mata a unguwar Cocody za ta ɗauki murhun. Da aka tashi na je tashar jirgin ruwa na zauna ina kallon masu shiga da fita. Ba inda za ni, gidan ne ba na son komawa.

Litinin, 17 ga Yuni

Kashegarin Sallah. Fiɗa gida-gida tun jiya. Yatsuna sun kumbura, biro ma da ƙyar. Ƙarni har cikin barci.

Alhamis, 20 ga Yuni

Na ce wa Yaya ina da wata hidima jibi, tun safe. Asabar ɗin nan kaɗai. Bai tambaye ni wace hidima ba. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya. Madam kuma na ce mata zan gwada, ban yi alkawari ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Madam ta tafi shekaranjiya. Makullin shagonta yana wurina, ajiya ce kawai kafin in ga yadda za a yi. Matan sun zo, mun yi furen zoɓo. Hajiya Balaraba ta cika mai a fentinta, ya zurara, na sa ta goge ta sake. Ashe na iya faɗa.

Yau ma ban je tebur ba, ban kuma nemi uzuri ba.

Da safe woro-woron da na shiga, tasin haɗaka, ya bi ta bakin kasuwa. Na hango Yaya ya rungumi cinyar saniya da hannun hagu yana neman ƙugiya, ya kasa, ya sauke yana haki. Direba ya ga na kama ƙofa, ya rage gudu ya ce, "On descend?" wato ko zan sauka.

Na so in rubuta cewa babu wurin tsayawa. Akwai. Na ce masa mu je.