Duwatsun Alƙibla a Gonar Gozaki

Daren Laraba, cikin kaka, Malumfashi

Barci ya ƙi zuwa. Yau a gona, muna hutun cirar auduga, 'yata Rabi'atu, wadda ke karatun ilimin duwatsu a jami'a, ta ce ƙasa ba a tsaye take ba. Wai ɓawonta a rarrabe yake, kowane yanki yana tafiya bisa dutse mai zafi, har ƙasar Makka tana nisantar tamu, Bahar Maliya tana ƙara faɗi.

Na dubi duwatsun da marigayi maigidana ya jera a gindin ɗorawa domin nuna alƙibla. Na ce, "To, sallolina fa?"

Ta yi dariya. "Haba Inna, ko tsiron farcenki ya fi tafiyar ƙasar sauri! Tattaɓa-kunnenki ma ba zai ga bambanci ba."

Na tsawata mata, alhali ba ta yi laifi ba. Da La'asar na ɗaga dutse ɗaya zan gyara, sai na rasa inda zan kai shi. Ashe a kan ƙasa na ɗora natsuwata, ba a kan Mai riƙe da ita ba? Astagfirullah.

Na mayar da shi gurbinsa, na yi kabbara.