Hancin Baba ya buɗe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Umma ta samu sauƙin ƙafarta, jaririyata kuma ta fara zama.

Na ji saƙonka cewa a rufe shagon Baba. Ban ga laifinka ba, don ni ma jikina ya yi sanyi ranar da wayar wuta ta fara ƙonewa yana tsaye yana goge katako, bai ji ƙauri ba sam, sai da telan da ke kusa da shi ya shigo a guje. Ashe ya daɗe hancinsa a toshe, da baki yake numfashi, ya ɓoye mana. Ɗan maganin feshi yake yawo da shi a aljihu, da ya ji ya toshe sai ya fesa.

Da ƙyar na kai shi asibiti, yana ta mitar ba a kai kafinta gun likita saboda mura. Likita ta ce ƙurar katako ce ta fara, yawan feshin kuma ya ƙara kumbura hancin. Ta hana shi feshin, ta ce ya riƙa wanke hanci da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri, ya kuma sa takunkumi in zai yi aiki. Kwanakin farko ya sha wuya, ba barci, ba fara'a. Umma ce ta ɓoye kwalbar feshin, suka yi ta ƴar tsama.

Shekaranjiya ya zo gidana, na miƙa masa jaririya. Ya sunkuya ya shinshina kanta. Can ya ce ashe haka jikarsa take ƙamshi, tun da aka haife ta bai sani ba. Na kau da kai don kada ya ga idona.

Yaya, a bar masa shagonsa. An gyara wayoyin, ana kuma leƙa shi. In aka raba shi da katako, wani ciwon za mu jawo masa wanda ruwan gishiri ba zai wanke ba.

Ka gaida matarka da yara, musamman Auta. Umma da Kawu suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Ƴar Baba