Ɓerayen Auta

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, ya aiki? Jikin Baban yara sai a hankali. Ciwon nan da ke kashe jijiyoyin motsi ya kai hannunsa na dama. Ya rufe shagon ɗinki, almakashi ma ya fi ƙarfinsa. Likita ya ce ba abin da zai ƙara mana.

Kai da bakinka ka ce min a waya ɓerayen da kuke gwaji a kansu, masu irin ciwonsa, sun ji sauƙi da kuka haɗa musu magani biyu. To ka aiko mana. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka.

Yaya,

Na samu wasiƙarki, ina gaishe ki da mai jiki. Da na sani ban ba ki labarin nan ba, ɗoki ne ya ɗebe ni. Ɓerayen ba su warke ba. Kullum da safe nakan ɗora su a kan sanda mai juyawa in ga tsawon lokacin da za su yi kafin su faɗo. Waɗanda aka haɗa wa maganin sun ƙara kwana goma sha tara suna iya riƙe sandar bayan sauran sun kasa, daga nan su ma ƙafafunsu suka mutu. Ba a taɓa ba wa mutum ba, ba wanda ya san adadin da zai ɗauka. Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri.

Ƙanenki.

Auta,

Gaisuwa. Kwana goma sha tara ka rubuta kamar ba komai ba ne. Jiya ruwa ya shaƙe shi, na riƙe kansa, ƙaramar 'yarmu ta ruga bayan ƙofa ta toshe kunne. Da ya dawo hayyacinsa na karanta masa takardarka. Harshensa ya yi nauyi, da ƙyar ya ce, "Ashe gara ɓera." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Mutumin da ya riƙe ka shekara huɗu a gidansa kana karatu, yau shi kake wa bayanin ƙa'ida? Mutuwa fa zai yi. Me kake tsoron maganin ya yi masa?

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ranar da wasiƙarki ta zo na buɗe firjin ɗakin gwaji, na saka kwalba biyu a aljihu. Har na kai bakin ƙofar fita, mai gadi yana min sai gobe, na juya na mayar. Ban sani ba ko hankali ne ko tsoro.

Wannan makon muka buɗe cikin ɓerayen da aka ba maganin. Fiye da rabi hantarsu ta lalace. Shugabar sashenmu ta dakatar da gwajin. Da na aiko, da wata azabar na ƙara masa. Na karɓi hutu, ina nan tafe ran Asabar.

Ƙanenki.

Auta,

Ya rasu ran Laraba da hantsi, kwana ɗaya kafin takardarka ta iso. Bai bar maka saƙo ba, maganar ta riga ta ɗauke.

Na karanta abin da ka rubuta, na san gaskiyarka ce. Amma kada ka zo tukuna. Ban shirya ganin fuskarka ba.

Yara suna gaishe ka.

Yayarka.