Yatsu Huɗu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Daga gidan yari nake rubuto miki. Na sha zaƙami a garejinmu ranar Talata, ban musa ba, yara suka ce ba zan iya ba, ni kuma uban taurin kai na shanye. Amma abin da na tarar a falonki da azahar na gan shi. Wani mutum mai kan kare ya danne 'yarki Kurciya a kan kujera, ya shaƙe ta da hannu ɗaya, ƙafafunta na shure-shure. Sifana ce a hannuna, na sauke masa a ƙeya, na ƙara, na ƙara. Da na farfaɗo aka ce mijinki ne. Kar ki bar shi ya dawo gidan nan.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa don Inna ta ce in amsa. Kwana huɗu ina jinyar mutumin da ka fasa wa kai. Ɗinki goma sha tara, muƙamuƙi a karye, jini har labulena. Ya ce ɗaga yarinyar yake daga barci ka faɗo masa kamar mahaukaci.

Shekara goma ina aikin gwajin jini, ba a kawo min tatsuniya. A ɗakin gwajinmu aka auna naka, na ga takardar. Abin da ke cikinsa ya isa ya sa ka ga raƙumi a cikin kofi. Mai kan kare! Ka ji kunya wallahi. Lauya ya ce ka amsa cewa gizo idonka ya yi maka, takardar za ta rage maka shekaru. Ka sa hannu, ka raba mu da masifa. Kurciya tana wurin Inna, ko uffan ba ta ce ba tun ranar, tsoronka ya kashe mata baki.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki, ko ba ki so. Ba zan sa hannu ba, in ruɓe a nan. Na'urarku ta faɗi abin da ke cikin jinina, na yarda. Ta shiga falon? Ranar na ga bango yana numfashi, na ga titi ya zama ruwa, duk na bar miki su, har kan karen. Amma na ji ƙarar maƙogwaron yarinya, kuma ni bakanike ne, na san ƙarar abin da ake matsewa. Ke mai awo ce. Je ki auna 'yarki, ki ƙyale jinina.

Auta

Auta, ƙanina,

Ina gaishe ka. Jiya na je gidan Inna, na yi wa Kurciya wanka da kaina. Da ƙyar ta bari na cire ɗankwalin da take naɗe wuya da shi. Shatin babban yatsa a gefe ɗaya, uku a ɗaya gefen, da gurbin da babu komai a tsakani. Na sa abin awo, na ɗauki hoto. Ka san zarto ya cinye wa mijina yatsan tsakiya tun yana koyon kafinta.

Kan kare ban gani ba. Gobe za a sallame shi daga asibiti, 'yan sanda na jiransa a ƙofa. Kar ka sa hannu. Ka yafe min.

Yayarki