A Dawo Mana da Salisu Cikin Sahu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Dattawan Layinmu, Briqueterie, Yaoundé.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sauran dattawa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hajiya Rabi mai atamfa a kasuwar Mokolo, 'yar marigayi Malam Garba mahauci. Na yi aike gare ku a asirce ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili, tunda a fili aka yi mana abin.

Maganar ƙanena ce, Salisu mai tsire. Ba zan ɓoye ba, yana shan giya. Bayan rasuwar matarsa ya fara. Haramun ce, ya sani, na sani, kuma ban zo neman a halatta masa ba.

Na farko. Bayan Babbar Sallah ya taho daga Ekoudou da la'asar a buge, ya faɗa kwata kusa da masallaci. Samarinmu suka kewaye shi da wayoyi suna dariya. Wata mai tuyar ƙosai, wadda ba ma musulma ba, ita ta tsamo shi ta wanke masa fuska. Hoton ya shiga zauren WhatsApp na layi, wanda ke hannun kwamitinku, har yau yana nan. 'Yarsa Maryam a wayar ƙawarta ta ga ubanta. Tun daga ranar ba ta koma makaranta ba.

Na biyu. Kun sa ya ɗauke tukubarsa daga bakin titi, wurin da mahaifinmu ya kafa ta, sannan aka aika masa cewa kada a sake ganinsa a sahu sai ya daina. Ranka ya daɗe, wuta da nama su ke riƙe da shi tun azahar. Yanzu ba sana'a, ba masallaci. Shan bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Tare muka tashi da kai, lokacin layin nan jar ƙasa ne, muna ɗebo ruwa a famfo ɗaya. Ka tuna Baba Dogo tela? Kowa ya san yana sha, ba wanda ya taɓa faɗa a gabanmu. In ya taho yana tangaɗi, iyayenmu mata su kira mu cikin gida, mahaifinka ya fito ya riƙe hannunsa kamar hira suke, ya raka shi har ƙofar ɗaki. Da safe tsohon liman ya ɗauki yadi ya tafi shagonsa wai ya kai ɗinki. Su zauna su sha shayi. Abin da suke faɗa, tsakaninsu ne da Allah. An ɗauki shekaru ana haka. Baba Dogo dai shi ne daga baya ya zama ladanin da ya riƙa tashe mu da asuba har ya koma ga Ubangijinsa.

Ka tuna maƙwabcinmu Papa Martin ma. Da yamma yakan zauna da ƙwaryar bammi, ɗaya tak, ban taɓa ganin ya wuce ta ba. In ya hango malamai za su gifta, sai ya tura ta ƙarƙashin benci. Addininsa bai hana shi ba, kunyar maƙwabtaka ce. Ranar Sallah ni ake ba cinyar rago in kai masa, matarsa ta cika mini kwano da ayaba. Haka muka san unguwarmu ta Briqueterie. Mai sha yana jin kunya, marar sha yana rufa asiri.

Yau wuski na leda ya kai har hannun masu acaɓa, kuma wasu shagunan da ake sayar da shi a bakin unguwa, mutanenmu ne suka ba da hayarsu. Ban ji an hana ko ɗayansu shiga sahu ba.

Don haka ina roƙo: a goge hoton nan, a ja kunnen waɗanda suka ɗauka. A bar shi ya mayar da tukubarsa wurinta. Sannan dattawa biyu su zo su same shi, ba da takardar hukunci ba, su zauna da shi kawai.

Jiya da magariba na leƙa ɗakinsa. Ya yi alwala, ya tsaya bayan ƙofa yana bin sallarku ta lasifika. Da liman ya yi sallama na ji shi yana kuka ƙasa-ƙasa, don kada Maryam ta ji. Juma'a mai zuwa zan goge masa farar rigarsa, in sa shi ya zauna a zaure tun hantsi. Daga gidanmu zuwa masallaci ba nisa, amma ba zai iya takawa shi kaɗai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya jiƙan iyayenmu.

Wassalam.
Hajiya Rabi Garba